Filin Tambayoyinku: Tsohon lens mai daraja a kan araha

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kyamarar Sony marar madubi, kuma lens ɗin da ta zo da shi kaɗai gare ni. Hoton mutane nake ɗauka, amma bayan hoton ba ya narkewa yadda nake gani a aikin wasu, sannan da zarar rana ta yi sanyi sai hoton ya fara duhu da tsaki-tsaki. Na taya sabon lens mai faɗin ƙofa, kuɗinsa ya fi ƙarfina. Wani ya ce in nemi tsofaffin lens na zamanin fim, wai ana samun masu kyau kusan a banza. Gaskiya ne, ko kuwa arahar nan ce da ba ta ado? In gaskiya ne, ta ina zan fara?
Daga wani matashi mai koyon ɗaukar hoto

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wanda ya ba ka shawarar nan bai yi maka ƙarya ba, sai dai bai gaya maka cewa arahar ta canja wuri ba. Inda kowa ke tururuwa yanzu an riga an cinye ta.

Lens ɗin da ke kan kyamararka, idan ka zuƙo shi zuwa milimita 50, ƙofar haskensa yawanci ba ta wuce f/5.6 (lambar f ita ce ma'aunin faɗin ƙofar, ƙaramar lamba babbar ƙofa ke nan). Tsohon lens na milimita 50 mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10 na wancan. Abin da ke damunka na duhu da rashin narkewar baya duk daga nan yake. Irin wannan lens ɗin kuwa shi ake haɗowa da kusan kowace kyamarar fim mai canja lens daga shekarun 1960 zuwa farkon 1980, don haka an ƙera su miliyoyi, da ƙarfe da gilashi, ba wata wayar lantarki ko ɗan inji a ciki da zai mutu.

Abin da ya karya farashinsu shi ne kamfanonin da kansu suka yashe su. Minolta ta koma sabon baki, wato wurin da ake ɗaura lens a jikin kyamara, don lens mai saita kansa a 1985, Canon ta bar bakin FD ta koma EF a 1987, tsofaffin lens suka zama ba su shiga sababbin kyamarori. Kowane lens an lissafa masa tazarar da zai zauna daga fim ko sensa, wato farantin da ke kama hoto a kyamarar zamani. FD milimita 42 ne, EF kuma 44, ke nan ko an yi adafta lens ɗin zai tsaya nesa da inda ya kamata, ba zai iya kama abin da ke can nesa ba. Shekaru da dama suna jibge a durowa. Da Panasonic ta fito da Lumix G1 a 2008, kyamara marar madubi ta farko mai canja lens, Sony kuma ta biyo da A7 a 2013, sai ƙofa ta buɗe. Tazarar bakin kyamararka milimita 18 ce kacal. Adafta a wurinka ɗan bututun ƙarfe ne kawai da ke cike giɓin, babu gilashi a cikinsa: M42, bakin da ake murɗa lens a ciki kamar sukuro, mai milimita 45.46, Minolta mai 43.5, Olympus OM mai 46, Konica mai 40.5, Nikon F mai 46.5, duk za su zauna su yi aiki. Saiti da hannu za ka riƙa yi, ƙofar haske ma da hannu. Kyamararka tana iya ƙara girman hoton a allo ta kuma zuba launi a gefen abin da ya fito sarai. Ka kunna su, hannunka zai saba.

To, da duniya ta farga, sunayen da suka shahara suka tashi. Trioplan 100mm f/2.8 na Meyer-Optik, wanda a da ba mai waiwayarsa, ya zama abin rububi saboda ƙawanyun hasken da yake yi a bayan hoto. Manyan lens na Canon FD masu shirya fina-finai suka dinga kwashewa suna sake musu gida. Hatta Helios-44-2, lens ɗin Tarayyar Sobiyet na milimita 58 mai f/2 da aka kwaikwayo daga Biotar na Zeiss, wanda yawansa ya sa a da ake haɗa shi a matsayin gyara, yanzu duk mai sayarwa ya san sunansa. Idan ka rubuta waɗannan sunaye kana neman araha, ka makara.

Ni inda nake samu, na farko dai a jikin matattun kyamarori ne. Mutum ya gaji kyamara ko ya tsince ta a kayan gida, ya danna maɓalli ba ta motsa ba, sai ya sa ta a kasuwa a matsayin lalatacciya, ya yi mata kuɗin lalatacciya, lens yana maƙale a gabanta lafiya lau. Kai kuma ba kyamarar kake so ba. Don haka ka haddace wace kyamara ce ke zuwa da me. Pentax Spotmatic, wadda ta fito a 1964, yawanci Super-Takumar ne a kanta, ko 55mm f/1.8 ko 50mm f/1.4. Minolta SR-T 101 ta 1966 da Rokkor take zuwa. Zenit da Helios. Praktica ta Jamus ta Gabas da Pentacon ko Tessar, in rabonka ya rantse ka tarar da Pancolar na Carl Zeiss Jena. Konica Autoreflex da Hexanon. Sunan kyamarar za ka nema, sannan ka ƙura ido a hoton ka karanta rubutun da ke zagaye da gilashin gaba. Lens ɗin Sobiyet da yawa da haruffan Rasha aka rubuta su, Гелиос maimakon Helios, kuma mai sayarwar da bai iya karanta shi ba sai ya ce kawai "tsohon lens". Canon AE-1 da Pentax K1000 kam ka bar su, masu komawa ɗaukar fim sun ɗaga kuɗinsu.

Na biyu, ka nemi ƙanen wanda ya shahara. Kowa f/1.4 da f/1.2 yake hange, alhali 55mm f/1.8 na Takumar ko 50mm f/1.7 na Minolta ko na Konica, idan ka rufe su zuwa f/2.8, da wuya mai kallo ya bambance su da yayyensu. Ni a nan zuciyata take. Rokkor ɗin Minolta yana da wani taushi a fatar mutum da nake so ƙwarai, Hexanon kuwa kaifi ne da shi, kuma da yake Konica ta daɗe da barin wannan harka mutane da yawa ba su ma san sunan ba. Nikon Series E 50mm f/1.8, wanda aka fito da shi a 1979 don masu ƙaramin ƙarfi, an raina shi saboda ba a rubuta masa Nikkor ba kuma akwai roba a jikinsa, amma gilashinsa ba abin rainawa ba ne. Sai milimita 135. Kusan kowane kamfani ya yi 135mm f/3.5 ko f/2.8, ƙirar ba ta da wuya, da wuya ka ga marar kyau, kuma sun yi yawa har ba a damu da su ba. Ga mai hoton fuska a waje, wannan tsuntsu ne daga sama gasasshe. Ka dai tuna, in sensarka ƙaramar ce ta APS-C, sai ka ninka tsawon sau 1.5: milimita 50 zai yi maka aikin 75, wanda ya dace da hoton mutum, 135 kuma zai koma kamar 200, sai ka ja da baya sosai.

Na uku shi ne wanda ya fi biyan mai ilimi. Akwai sunayen da ba su ke ƙera abin da suke sayarwa ba. Vivitar ta Amurka kwangila take bai wa masana'antun Japan, shi ya sa za ka ga wani Vivitar ɗin tarkace ne, wani kuma gwani. Masu tara kaya sun daɗe da gano cewa a kan yawancin na shekarun 1970 da 1980, lambobi biyu na farkon lambar jikin lens ɗin suna nuna wanda ya ƙera: 22 Kiron ne, 28 Komine, 37 Tokina. Vivitar Series 1 90mm f/2.5 na ɗaukar ƙananan abubuwa, aikin Tokina, yana cikin waɗanda har yau ake yabo. Haka Tamron SP 90mm f/2.5 mai bakin Adaptall-2 da ake cirewa a canja. Mai sayarwa ya ga Vivitar ya ɗauka duk ɗaya ne, kai kuma ka duba lamba.

Tsofaffin zum, wato lens masu zuƙowa, na kamfanoni barkatai, irin su 80-200mm da suka cika akwatuna, ka wuce su sai 'yan kaɗan. Ga nauyi, ga duhu, kuma nan ne sababbin ƙira suka yi wa tsofaffi fintinkau. Haka ma abin ninka tsawo da ake cusawa a bayan lens.

Yanzu ga abin da ya fi duk sunayen nan muhimmanci, domin lens mai suna da ya lalace asara ce ko nawa aka ba ka shi. Kada ka je duba lens ba tocila a aljihunka, ko ta waya ce. Cire murfin gaba da na baya, buɗe ƙofar hasken gaba ɗaya, ka haska daga baya a karkace, kai kuma ka leƙa ta gaba, ba saitin hasken kai tsaye ba. Sannan ka juya ka yi daga ɗaya ɓangaren. Lens ɗin da ka gani garau a hasken ɗaki, a ƙarƙashin tocila zai tona asirinsa duka.

Ƙura za ka gani, dole. 'Yan ɗigo-ɗigo masu ƙyalli ba sa fitowa a hoto, kada su tsorata ka. Sai dai ka nuna wa mai kaya ya rage maka. 'Yan kumfa ƙanana a cikin gilashin tsofaffin lens ma daga masana'anta suke, ba aibi ba ne. Abin tsoro funfuna ce. Takan faro daga gefe, siraran zare masu rassa kamar saƙar gizo, tana tafiya zuwa tsakiya. Danshi da duhu ne ke rayar da ita. In sabuwa ce kuma a gilashin da ke da sauƙin kaiwa, mai gyara zai goge ta. In ta daɗe kuwa, takan cinye shafen da ke kan gilashin ta bar tabon da ba ya fita har abada, kuma daga waje ba ka da tabbacin wanne ne a ciki. Sai hazo: wani fari-fari da ya lulluɓe fuskar gilashi ɗaya gaba ɗaya, sau da yawa tururin giris ne da ya tashi ya kwanta. Ni hazo ya fi ba ni tsoro a kan tabo ɗaya, don shi ke kashe baƙin hoto ya mai da komai fari-fari, musamman idan haske yana gaban mai hoto. Wani yana goguwa, wanda ya shiga tsakanin gilasai biyu da aka manne ba ya goguwa. Mannen nan ma yakan saki. Tsofaffin lens da yawa da ƙaron itacen da ake kira balsam na Kanada aka haɗa su, in ya fara rabuwa za ka ga launin bakan gizo ko rawaya-rawaya a gefe. Wannan gyaransa ya fi kuɗin lens ɗin, ajiye shi.

Karce kuma ya danganta da inda yake. Ɗan karce a gilashin gaba kusan ba ya komai, musamman in ka sa masa rumfar kare haske. A gilashin baya kuwa, wanda ke kusa da sensa, illarsa ta fi yawa. Ka kuma lura da ɗimbin ƙananan karce na yawan gogewa da gefen riga. Su ma hazo suke haifarwa.

Daga gilashi sai ƙofar haske. Juya zoben daga farko zuwa ƙarshe kana kallon ganyayyakin ƙarfen suna tsukewa. Su kasance a bushe. In ka ga sheƙi ko duhun mai a kansu, giris ya malalo. Rufe zuwa f/16, ka taɓa ɗan harshen ko ƙusar da ke bayan lens ɗin ka saki: ya kamata su rufe farat ɗaya, su buɗe farat ɗaya. In suna jan jiki, akwai aiki. A lens na M42 ka duba ko akwai ɗan makunni mai A da M (M ɗin shi ke ba ka damar rufe ƙofar da hannu). In babu, kamar Helios-44M-4, sai ka sayi adaftar da ke da leɓe a ciki mai danne ƙusar, in ba haka ba ƙofar za ta tsaya a buɗe. Sannan zoben saiti: ya juya sumul daga kusa zuwa nesa, ba inda yake cijewa, ba kuma lako-lako. Taurin da ya yi daidai ko'ina busasshen giris ne, gyaransa mai sauƙi. Wanda ke cijewa a wuri ɗaya, ga kuma lotsawa a bakin gaba, faɗuwa ya yi, kuma mai yiwuwa gilasan ciki sun goce. Dubi kawunan ƙananan sukurorin baya. In sun cinye, wani ya taɓa buɗewa da abin da bai dace ba.

Wata rana aka ajiye mini Rokkor 58mm f/1.4 a gaba, jikinsa fes kamar ba a taɓa amfani da shi ba, a cikin jakarsa ta fata. Jakar ce ta fara ba ni labari, don tana warin rima. Da na haska, gilashi na biyu duk zare ne har tsakiya. Kusa da shi akwai wani 55mm f/1.7 da fentinsa ya koɗe har farin ƙarfe ya fito a zoben saiti, amma cikinsa garau. Shi na ɗauka. Lens ɗin da aka yi ta aiki da shi yana shan iska da haske. Wanda aka kulle a jakar fata shekara da shekaru shi funfuna ke ci. Kai ma in ka saya, kada ka mayar da shi jaka ka manta. Akwati mai rufuwa da ƙwayoyin silika masu tsotse danshi ya wadatar.

In da hali ka tafi da kyamararka da adafta. Ɗauki bango mai rubutu da ƙofa a buɗe, ka duba kusurwoyi huɗu. In ɓangare ɗaya ya fi ɗaya dishi-dishi, gilashi ya goce. Ɗauki abu mai nisa ka tabbatar yana kamawa. In ta intanet ne, kada ka yi cinikin biri a sama: nemi hoton da aka haska tocila ta ciki, da hoton ganyayyakin a rufe, ka kuma tabbatar ana karɓar kaya in an dawo da su. Kalmomin yabo da ake jerawa a kan talla ba su ne abin karantawa ba, bayanin ƙasa ne. Kafin ka taya, duba nawa aka sayar da irinsa a eBay, wato cinikin da ya faɗa, domin kuɗin da mutum ya sa wa kayansa buri ne kawai.

In ni ne kai, da 50mm f/1.7 ko 55mm f/1.8 guda ɗaya zan fara, in zauna a baki ɗaya, M42 ko Minolta, don adafta ɗaya ta ishe ni.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kyamarata Nikon ce mai madubi. Na sayi Helios da adafta, hoton kusa yana kyau, amma abin da ya wuce 'yan taku ba ya fitowa. An cuce ni ne?
Daga wata mai ɗaukar hoto

Amsa: Malama, ba a cuce ki ba, lens ɗinki lafiyarsa ƙalau. Bakin Nikon F tazararsa 46.5 ce, Helios ɗinki mai bakin M42 kuma 45.46 yake so, ga kaurin adafta a kai, sai ya zauna nesa da inda aka ƙera shi ya zauna. Akwai adafta mai gilashi da ke gyara wannan, amma tana rage kaifin hoton, ban ba ki shawararta ba. Ki bar shi don hoton fuska na kusa, nan ma ya fi kyau.

Ke kuwa taskarki tana cikin gida. Nikon ba ta canja bakin F ba tun 1959, saboda haka tsofaffin Nikkor suna shiga kyamararki ba adafta. Ki nemi na 1977 zuwa sama, masu tsarin AI ko AI-S. Za ki gane su da layi na biyu na ƙananan lambobi a ƙasan zoben ƙofar haske, da huji a jikin 'yan kunnuwan ƙarfen da ke kan zoben. Waɗanda suka girmi 1977 kuma ba a yi musu gyara ba suna iya lanƙwasa ko karya ɗan harshen da ke gefen bakin kyamarori irin su D7000 da D750, don haka kada ki tilasta. In kuwa taki daga jerin D3000 ko D5000 take, ba za ta auna miki haske da waɗannan lens ɗin ba. Ki koma M, wato tsarin saiti da hannu, ki ɗauka, ki duba, ki gyara. Nikkor 105mm f/2.5 ya yi suna a hoton fuska kuma ya cancanta, in kuɗinsa ya yi miki yawa ki duba Series E 100mm f/2.8.

Tambaya: Malam, an nuna mini Super-Takumar 50mm f/1.4 da sauƙin kuɗi saboda gilashinsa ya yi rawaya kamar ruwan shayi. Wani kuma ya ce yana fitar da tururin nukiliya. In saya?
Daga wani tsohon mai karanta wannan fili

Amsa: Yallaɓai, in rawayar ce kaɗai aibinsa, ka saya. Maganar da aka gaya maka tana da tushe. Asahi, kamfanin Pentax, da wasu kamfanoni a wancan zamani sun zuba sinadarin toriyam a wasu gilasai don su ƙara ƙarfin karya haske, kuma toriyam yana fitar da ɗan tururi. Shi ne a hankali yake rina gilashin. Na farko-farkon wannan lens ɗin mai gilasai 8 ne, na baya mai gilasai 7 kuma shi aka fi sani da wannan rawayar, a ɓangaren baya. Abin da ke isa jikin mutum wajen ɗaukar hoto na yau da kullum kaɗan ne ƙwarai. Abin kiyayewa shi ne kada a fasa gilashin ko a goge shi da abin kankara har a shaƙi garinsa, kada a manna shi a ido a matsayin madubin dubawa, kada kuma a bar wa yara.

Rawayar tana ɗumama launin hoto tana kuma cin wani ɓangare na hasken, amma tana fita. Hasken UV, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, shi ke wanke ta. Wasu sukan ajiye shi a rana, ni ban fi son haka ba, don zafi yana narkar da giris ya gangaro kan ganyayyaki, kuma lens a rana yana iya tara haske ya ƙona abin da ke bayansa. Ƙaramar fitilar UV marar zafi ta fi. Buɗe ƙofar gaba ɗaya, sa takardar alminiyam a ƙarƙashin gilashin gaba don ta mayar da hasken, ka kifa shi bayansa yana sama, fitila a kansa, a inda ba mai kallon hasken. Yakan ɗauki kwanaki, wani har makonni. Ka riƙa ɗora shi a kan farar takarda kana gwadawa da wani lens ɗin. Amma kafin ka biya, ka haska tocila tukuna, domin rawaya takan ɓoye hazo a ƙarƙashinta, shi kuwa fitila ba ta fitar da shi.